Jeren Kaka: Kwanonin Gado a Ƙasar Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya taɓa yin sallama ya shiga ɗakin tsohuwa a Urno, ko a wani ƙauye na gundumar Madawa, ya san yadda abin yake. Ka baro hasken tsakar gida, ka sunkuya ka shiga, sai idonka ya rufe na ɗan lokaci. Kafin ka ga gado, kafin ma ka ga mai ɗakin da ke amsa maka sallama daga kan tabarma, abin da ke fara bayyana shi ne ƙyallin bangon da ke fuskantar ƙofa. Langa kan langa, samira kan samira, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, sun tashi har kusa da azara. A gefe guda ragaya tana rataye da ƙore biyu ko uku da suka yi ja don tsufa. Can a ƙuryar ɗaki ga akushi baƙi ƙirin an kife shi da faifai. Idan gidan ya taɓa samun mai zuwa Makka ko mai biɗa a Abijan, za ka ga farantan tangaran kaɗan da kofunan shayi masu bakin ruwan zinariya, an ware musu wuri na daban inda hannun jika ba ya kaiwa.

Wannan shi ne jere. Baƙo yana ganin kwanoni ne kawai. Mai ɗakin kuwa, in ka zauna ka ba ta lokaci, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta faɗa maka wanda uwarta ta sa mata ranar da aka kai ta ɗaki, da wanda ta saya da kuɗin saƙar tabarma, da wanda gwaggonta ta kawo ranar sunan ɗanta na fari. Mafi yawan waɗannan mata ba su shiga lakwal ba, ba su bar wata takarda da za a karanta bayansu ba. Abin da suka gani a duniya yana jere a wannan bango, kuma da bakinsu kaɗai ake karanta shi.

Daga duma zuwa langa

Kafin kwano, ƙwarya ce sarauniyar ɗaki. A shuka duma da damina, ya yaɗu kan dangar gida ko rufin rumbu, a bar shi ya ƙosa, a fafe, a kankare cikinsa, a shanya. Daga nan sai mai zane ya karɓa, wani da wuƙa, wani da ƙarfe mai zafi, a bi da farar ƙasa don zanen ya fito. Kowace ƙwarya da sunanta da aikinta: masaki don aikin biki, ƙoƙo don awo da sha, ludayi don hura, mara don kwasar tuwo. Amaryar da uwa ta tsaya mata, akan san ta ne da yawan ƙoren da suka hau ragaya. Karin maganar nan da ke cewa ƙwarya tagari tana ragaya daga nan ya samo asali: wadda ake ji da ita ba a barin ta a ƙasa kaji su bi ta kai.

Akushi na maigida ne da manyan baƙi. Tasa ta tagulla kuwa, irin wadda maƙeran Bida da Kano suka yi suna a kanta, sai gidan sarauta da gidan attajiri. Ƙasar Madawa da Buza da Keita ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Abzinawan Kel Geres sun daɗe a wajen Azarori da Galma, da akusansu na itace da kayan fata da azurfa, ga kuma Fulani da ke ratsa ƙasar da shanu, waɗanda matansu ke da ƙoren ado da ba a zuba musu nono ko sau ɗaya, sai ranar taro a kwance su a baje kowa ya gani. Zama wuri ɗaya da cin kasuwa ɗaya sun sa kayan ɗakin ɗaya sun shiga ɗakin ɗaya.

Kwanon fenti baƙo ne da ya zo a zamanin Turawa. Ƙarfe ne da aka lulluɓe da garin gilashi aka gasa a wuta mai zafin da ya kai digiri 800, shi ya sa yake da santsi da sheƙi, kuma launinsa ba ya koɗewa. Da fari daga Turai ake kawo shi, daga baya Japan da Hong Kong suka karɓe kasuwar, sannan a wajen 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Najeriya, a Legas da Kano. Tun daga lokacin hanyar ta gajarce. Kaya su taso daga Kano ko Sakkwato, su ratso Illela zuwa Ƙonni, ko su biyo ta Maraɗi, su sauka Madawa da ke bakin babbar hanya, daga nan 'yan koli su ɗauka a jaki da amalanke su shiga kasuwannin ƙauye. Malamar tarihi Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi da ya fito a 1997, ta bi diddigin yadda kayan ɗakin amarya suka sauya a ƙarni na 20, daga abin da gona da hannun mata ke samarwa zuwa abin da sai da kuɗi ake samu. Abin da ta gani a Maraɗi shi ne ya faru a nan, sai dai a hankali. Lokacin da naira ta faɗi a ƙarshen shekarun 1980, mai riƙe da sefa ya samu kayan Najeriya da araha, jere ya yi tsawo a ɗakuna da yawa. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sai uwayen amare suka ji a jikinsu.

Tangaran shi ya zo daga baya, kuma bai taɓa yawa ba. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka gano yadda ake gasa wata irin farar ƙasa a wutar da ta haura digiri 1200 har ta koma kamar dutse mai sheƙi. Turai ba ta kama sirrin ba sai farkon ƙarni na 18, lokacin da aka buɗe masana'antar Maisen ta Jamus a 1710. Ba irin wancan mai tsada ba ne ke ɗakunan Urno da Tamaske ta gundumar Keita. Mafi yawansa na kasuwa ne, wanda a inda aka saye shi ba wani abu ba ne. Darajarsa tana cikin hanyar da ya biyo. Mazan wannan yanki na Adar mutanen biɗa ne: da an gama girbi sai Abijan, Legas, Aljeriya ko Libiya. Mutumin da ya naɗe faranti shida cikin tsofaffin riguna, ya rungume akwatin kwana da kwanaki a bayan mota don ya kawo wa uwarsa ko matarsa ba tare da ɗaya ya fashe ba, ya kawo abin da ya fi faranti. Haka ma kofunan da hajiya ta sayo a kasuwar Makka ko Madina tare da dabino da ruwan Zamzam.

Giɓin da ke cikin jere

Kwanonin fenti saiti-saiti ake sayar da su, daga babba zuwa ƙarami, kowane yana shiga cikin ɗan'uwansa. Ka lura da jeren tsofaffi da kyau: da wuya ka samu saitin da ya cika. Wani ya fashe ne, wani an ara ba a maido ba. Amma da yawa daga cikin giɓin nan yunwa ce ta yi shi.

Kayan ɗaki mallakin mace ne ita kaɗai. Miji ba shi da iko a kai, in aure ya mutu da su take fita. Don haka jere shi ne bankinta tun kafin a san asusu da adashin waya. A shekarun fari na 1973 da 1974, da na 1984 zuwa 1985 wanda mutanen Nijar suka yi wa laƙabi da El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, da kuma ƙarancin abinci na 2005 da ya yi wa Madawa da Buza da Keita mugun kamu, mata sun sauke kwanoni sun kai kasuwa don tiyar hatsi. Akuya ke fara tafiya, sai zane mai kyau, sai kwano. Kuma ba kowane kwano ba. Mace takan fara da wanda ta saya da kuɗinta, ta riƙe na uwarta har sai babu yadda za ta yi. Dillaliya ta san da haka, ta kuma san cewa a irin wannan lokaci kowa na sayarwa, babu mai saye, don haka abin da aka saya da jika uku sai a bayar da shi a kan kaɗan.

A waɗannan shekaru maza da yawa ba sa gida. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu a ka da dasa itatuwa a kan tsaunuka, ana biyan su da abinci. Matan da suka yi wannan aiki su ne kakannin yau. Kwanon da ya tsallake waɗannan shekaru ya kai yau, wata ce ta zaɓi ta ɗauki dutse cikin rana maimakon ta rabu da shi. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa a daina kiran sa tarkace.

Ƙura, tsatsa da gara

Abin da yunwa ta bari, rashin kula na iya cinyewa cikin shekaru kaɗan, kuma kowane irin kaya da nasa abokin gaba.

Kwanon fenti yashi ne ke kashe shi. An saba wanke tukunya da yashi ko soson ƙarfe, to amma fuskar wannan kwano gilashi ce. Duk gogawa tana barin ƙananan zane, sheƙin ya dushe, datti ya samu maƙale. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar, in akwai maiƙo a haɗa da toka mai laushi da aka tankaɗe. Muhimmin abu shi ne a goge ya bushe sarai kafin a mayar, musamman bakinsa da gindinsa inda fenti ke fara ɓarewa. Da zarar ƙarfe ya fito fili ya sha danshi, tsatsa ta kama, tana ci ta ƙarƙashi tana ɗaga fentin da ke gefe. Tsofaffi sukan shafa ɗan man gyaɗa a wurin da ya ɓare, kuma dabara ce mai kyau, domin tana hana iska da ruwa taɓa ƙarfen. Wajen jerawa ma akwai ladabi: kwano ba ya son a dire shi cikin ɗan'uwansa da ƙarfi. Ɗan ƙyalle ko takarda a tsakani na hana su cin juna.

Lokaci biyu ne a shekara ya kamata a sauke jere gaba ɗaya. Na farko bayan hunturu, lokacin da ƙura ta gama shiga ko'ina. Ƙurar hunturu tana da kaifi, in aka share ta a bushe da ƙarfi sai ta karce fenti kamar yashi, gara a kakkaɓe a hankali sannan a wanke. Na biyu kafin ruwan farko. Ɗakin ƙasa in rufinsa ya fara yoyo, ko indararo ya toshe ruwa ya biyo bango, jeren da ke jingine da bangon shi ke fara sha. Damina mai ƙarfi kamar ta 2024, wadda ta rusa dubban gidaje a faɗin Nijar, ta binne jere da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Barin tazarar tafin hannu tsakanin kwanoni da bango, da ɗora na ƙasa kan katako ko duwatsu, ƙaramin aiki ne da ke ceton abu mai yawa. Sauke jere aikin yini guda ne, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne: a da, 'yan matan gida ake tarawa, tsohuwa na zaune tana karɓa tana miƙawa, tana faɗin na wane ne wannan, daga ina wancan ya fito. A wurin wankin ne labarin ke wucewa daga baki zuwa kunne.

Ƙwarya kuwa ƙwari da ɓera da gara ne matsalarta, sai kuma bushewar da ke sa ta tsage. Ragaya ba ado kaɗai ba ce, tana raba ta da ƙasa inda gara ke bi, tana bari iska ta ratsa. Ba a barin ƙwarya da ruwa a ciki ta kwana, ba a kuma shanya ta a rana mai zafi ta wuni. In ta tsage, da akwai gyartai, mai yawo gida-gida da basilla da zare yana ɗinke ƙore ɗinki mai kyau har su sake riƙe hura. Yau sai a yi kasuwa da yawa ba a ga ko ɗaya ba, domin roba ta kashe sana'ar. Inda duk aka san da sauran tsohon da ya iya, ya kamata a kai masa aiki a biya shi da kyau, ko yaro ɗaya zai zauna kusa da shi ya koya. Ƙwarya mai ɗinkin gyartai, a idona, ta fi sabuwa kyau.

Akushi mai yake so. In ya bushe da yawa a hunturu sai ya dare, shi ya sa ake shafe shi da man gyaɗa ko man shanu jefi-jefi, a ajiye shi nesa da murhu. Tasar tagulla in ta yi duhu, tsamiya ko lemun tsami da toka kan dawo da haskenta, amma a ɗauraye sosai a goge, kar a bar tsamin ya kwana. Ita tagulla yanzu haɗarinta ba tsatsa ba ne, 'yan gwangwan ne masu bi ƙauye-ƙauye suna sayen ƙarfe a kan sikeli. Yaro ya ga tsohuwar tasa a bayan rumbu, ya ɗauka ya kai, a auna a ba shi kuɗin da bai kai na cefanen yini ba, aikin maƙerin da ya rasu shekaru tamanin da suka wuce ya tafi narkawa.

Tangaran ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, amma ba ya yafe kuskure. Ba a zuba masa tafasasshen ruwa yana da sanyi, musamman da asubar hunturu, don yana iya tsagewa nan take. Ba a goge bakin zinariyar da soso, siriri ne ƙwarai, yana fita. A wanke shi ɗaya-ɗaya cikin roba, ba cikin daron ƙarfe ba, a kuma ɗauki kofi ta jikinsa, domin hannun ne ke fara ɓallewa. Wanda ya fashe aka manne da gam ya koma na kallo, kar a sake cin abinci a ciki. Haka ma tsohon faranti ko kwano mai launin ja ko rawaya mai haske da fuskarsa ta farfashe: wasu fentin da ake amfani da su a da suna ɗauke da dalma da makamantanta, abu mai tsami kamar kunun tsamiya ko nono yana iya jawo ta cikin abinci, kuma yara ta fi yi wa illa. A bar irin wannan a jere, a ci tuwo a wani.

Amaren yau

Ɗakin amarya a Madawa ko Tamaske yau kabad ne mai gilashi, da kuloli masu riƙe zafi, da tukwanen silba, da saitin farantan da aka shigo da su daga Sin. Ba laifi a ciki. Kowane zamani da jerensa, ita ma langa ta taɓa zama sabon yayi da ya ture ƙwarya, kuma kabad mai gilashi ya fi bangon ƙasa kare kaya daga ƙura da hannun yara. Abin da ke damuna shi ne kalmar da nake ji a bakin 'yan jere in uwa ta ɗauko tsohuwar samira za ta sa wa ɗiyarta: wai kayan ƙauye ne, za a yi wa amarya dariya. Sai a mayar da ita cikin buhu, ta koma zuba dussar awaki.

Kabad mai hawa huɗu ba zai rasa hawa ɗaya ga kaka ba. Langa ɗaya mai furanni, ƙoƙo ɗaya mai zane, kofin hajiya, in aka wanke su aka ba su fili, su ne abin da baƙuwa za ta tsaya ta tambaya, domin sauran kayan tana da irinsu a nata ɗakin. Magina na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar irin wannan abu: a tsofaffin soraye na Kano da Zariya da Damagaram sukan kafa faranti ko kwano a tsakiyar rufi inda bakan gizo ke haɗuwa, ya zama idon ɗakin. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, da Gidan Makama na Kano, suna adana kayan gida irin na da, amma gidan tarihi ba zai iya faɗa maka sunan wadda ta dama hura a ƙwaryar ba. Wannan sai a gida.

Ranar rabon gado

Wurin da jere ya fi watsewa shi ne bayan rasuwar mai shi. A al'ada kowa na ɗauka kwanonin uwa na 'ya'yanta mata ne. A shari'a kuwa duk abin da ta bari dukiyar gado ce: miji na da rubu'i in ta bar ɗa ko ɗiya, rabi in ba ta bari ba, namiji na da rabon mata biyu. Malami zai sa a fito da komai tsakar gida a yi masa kuɗi. Kwano ba ya rabuwa uku, don haka in magada ba su daidaita ba sai a kira dillaliya ta kwashe gaba ɗaya a raba kuɗin. Na ga an yi haka a gidanmu bayan rasuwar wata gwaggona. Ba wanda ya yi zalunci, kowa ya samu haƙƙinsa daidai. Amma cikin abin da dillaliya ta ɗaure a zane har da wata babbar fanteka mai murfi da dukanmu muka ci tuwon salla a cikinta tun muna yara, kuma sai bayan mako guda ɗiyarta ta fari ta tuna cewa ta kakarsu ce, ba ta uwarsu ba. Ta bi sawu har kasuwa biyu, ba ta same ta ba.

Akwai hanyoyi da shari'ar kanta ta buɗe. Magaji na iya cewa a sa masa abu kaza cikin rabonsa a kan kuɗin da aka yi masa, kuma 'yan'uwa maza da yawa, in an tambaye su, sukan yafe wa 'yan'uwansu mata kayan ɗaki da daɗin rai. Wasiyya ba ta yi wa magaji sai sauran magada sun yarda, don haka cewa "in na mutu a ba wance" ba ya ɗaure kowa. Abin da ya fi tabbas shi ne kyauta tun da rai da lafiya. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, kyauta tana cika ne idan wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In aka ce an ba ɗiya kwano amma yana nan a jeren uwa har ta cika, ya koma gado.

Tsofaffin da suka san wannan ba sa jira. Ɗiya ko jika ta zo ganin gida, ranar da za ta koma sai kaka ta sa a sauko mata da langa ɗaya, ta kira mutum biyu na gidan su shaida, ta ce: "Wannan Innata ta sa mini, ita ma tata uwar ta saya mata shekarar da aka yi fari. Na ba ki, ki tafi da shi yau." Sai a naɗe shi cikin tsohon zane, a cusa cikin buhun gero don kar ya bugu a mota, yarinyar ta durƙusa ta yi godiya, a raka ta bakin hanya.